Burtali a Kan Takarda: Tafiya da Masu Safiyo daga Kano zuwa Daura

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da kaka zai ga ƙasa cike da layuka. Ga kwalta, ga wayoyin lantarki suna raka ta, ga kunyoyin gero da aka gama girbewa, ga jerin gamba da ke raba gonar wane da ta wane, ga shingen aguwa, ga turbar masu kai kaya kasuwa. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙarin wani babban layi, wato gadon titin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021. Tsawonsa kilomita 284 ne, kuma an tsara zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar. Matafiyi yakan kalli waɗannan duka ya wuce abinsa. Mai safiyo ba shi da wannan hutun, domin dole kowane ɗaya ya sauka a kan takarda, kuma a iya bambanta shi da ɗan'uwansa da kallo guda.

Wani abokina tun na sakandare, wanda ya zama mai safiyo, shi ya sami aikin auna wata babbar gona da wani ɗan kasuwa ya saya tsakanin Kazaure da Daura, ya ce in zo in ga yadda suke neman abincinsu. A motar akwai shi, da direba, da ni, da wani saurayi mai zane da ya gama kwalejin fasaha ba da daɗewa ba. Wannan saurayi bai yarda an sa jakar kwamfutarsa a but ba, a cinya ya rungume ta har muka isa. Abokina yake ce wa Oga, ni kuma Malam.

Dambatta mun ratsa ta ne kawai. A Kazaure muka tsaya, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano take ƙarewa, duwatsu su fara tasowa, ga kuma ruwan dam ɗin garin kwance a gefe. Muka sha shayi, aka ƙara wa mota mai, sannan muka ci gaba har inda muka saki kwalta muka shiga rairayi.

Aikin awo kansa ba shi da wani abin kallo. Ana kafa na'urar GPS ɗaya a kan ƙafa uku, a ɗauki ɗayar a kan sanda ana bin iyaka da ita, duk inda iyaka ta karya a tsaya a ɗauki lamba, a haƙa rami a dasa turken siminti da suke kira bikon. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da ke biye da sandar. Mai unguwa yana gaba, maƙwabtan gona suna biye, kowa da abin da ya sani. Nan iyaka gamba ce, can kuma wata tsohuwar aduwa, gaba kaɗan kwari ne da ruwa ke bi da damina. Da ɗan gari akan ci gari. Ba don su ba, na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam ba ta san inda gonar take ba.

A gefen yamma muka tarar da burtali. Shingen aguwa dama da hagu, tsakiya kuma rairayi mai laushi da kofato ya niƙe, da kashin shanu sabo da tsoho. A wasu wuraren yana da faɗi sosai, a wasu kuma gonaki sun matse shi har sai shanu sun bi ɗaya bayan ɗaya. Muna nan sai ga Arɗon yankin a kan babur, wani ya kai masa labarin an zo da na'ura. Bayan an gaisa, abokina ya ce masa, "Baffa, nuna mana inda hanyar shanu take tun asali, kada mu rubuta abin da ba shi ba." Dattijon ya sauka ya yi ta tafiya yana nuni da sanda, mai unguwa yana gaskata wasu wuraren yana musanta wasu, har aka tsaya a kan abin da kowa ya yarda da shi. Aka ɗauki lambobin gefe biyu na burtalin tun daga inda ya shigo har inda ya fita.

Bayan isha'i, a masaukinmu na Daura, janareta yana ruri a tsakar gida, saurayin ya buɗe kwamfuta ya zuba lambobin cikin AutoCAD. Wannan ita ce manhajar zane da kamfanin Autodesk na jihar Kalifoniya ya fito da ita a ƙarshen 1982, kamfanin da John Walker da abokansa suka kafa a shekarar, kuma har yau da wuya ka shiga ofishin mai safiyo ko mai zanen gine-gine a ƙasar nan ba ka same ta ba. Ɗige-ɗige suka bazu a fuskar kwamfuta, ya yi ta haɗa su, siffar gonar ta fito. To amma duk layukan iri ɗaya ne. Iyaka, kwari, gamba, burtali, ba mai cewa ga wannan ga wancan.

Ya buɗe mini jerin layukan da manhajar take zuwa da su daga masana'anta, na yi ta dubawa ina dariya. Akwai na tsinke-tsinke da na ɗige-ɗige iri-iri, waɗanda masu zane ke nuna abin da ke ɓoye ko tsakiyar abu da su. Akwai rukunin da ya bi ƙa'idar zane ta duniya mai lamba ISO 128, wadda ta tsara layukan asali nau'i 15. Akwai layin shinge iri biyu, ɗaya da 'yan da'irori, ɗaya da 'yan akwatuna. Akwai na titin dogo, da na bututun gas. Akwai na bututun ruwan zafi. Har da na audugar nan da ake cusawa cikin bangon gida a ƙasashen sanyi don ɗaki ya riƙe ɗumi, an yi mata layi nata mai lanƙwashe-lanƙwashe. Burtali kuwa babu. Gamba babu, aguwa babu, darni babu, ganuwa babu. Ban ga laifin kowa ba a nan: mutum yakan zana abin da ya buɗe ido ya gani ne a garinsu. Kuma masu manhajar sun yi abin da ya dace, sun bar ƙofa a buɗe, duk mai bukatar layin da babu ya ƙera nasa.

Na zaci ƙera layi sai ƙwararren mai rubuta manhaja. Ashe ɗan rubutu ne da ko a Notepad ana yi, a adana shi da suna mai ƙarewa da .lin, kuma kowane layi sahu biyu ne na rubutu. Sahun farko yana farawa da tauraro, sai suna, sai ɗan bayani da ba ya wuce haruffa 47. Sahu na biyu yana farawa da harafin A, sai lambobi. Ga ɗaya daga cikin na masana'anta da ya nuna mini don in gane:

*DASHED,Dashed __ __ __ __
A,.5,-.25

Lambar da ba ta da alamar ragi tana nufin a ja layi mai wannan tsawon. Mai alamar ragi tana nufin a bar giɓi. Sifili kuma ɗigo ne. Wato a ja rabin awo, a tsallake kwata, a sake, har layin ya ƙare. Kamar ɗinkin hannu ne, allura ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, tazarar da tela ya zaɓa ita ke maimaita kanta har bakin riga. Asalin wannan tsari daga injinan buga zane na farko ne, waɗanda alƙalami na gaske suke riƙewa, su sauke shi a kan takarda su ja, su ɗaga su tsallake. Alƙalamin ya daɗe da tafiya, amma har yau littafin manhajar yana maganar sauke alƙalami da ɗaga shi. Harafin A kuma umarni ne cewa layi ya fara da ja ya ƙare da ja, don kada kusurwar gona ta faɗa cikin giɓi a rasa inda bikon yake. Ga mai safiyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kusurwa ake rigima.

Da ja da giɓi da ɗigo kaɗai ana iya fitar da layuka da dama, tunda an yarda a jera lambobi har 12 a sahu ɗaya muddin bai wuce haruffa 80 ba. Amma saurayin ya ce ba zai yi wa burtali irin wannan ba. "Malam, in na yi masa ja biyu da ɗigo ɗaya, wa zai gane? Wani ya ce bututu ne, wani ya ce iyakar ƙaramar hukuma." Tun fitowa ta 13 ta manhajar, a 1994, aka ba da damar saka rubutu ko wata 'yar siffa a cikin layi. Sai ya rubuta wannan:

*BURTALI,Hanyar shanu ---- BRT ---- BRT ----
A,6,-1.5,["BRT",STANDARD,S=2,U=0,X=0,Y=-1],-6.5

Ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. A ja shida, a bar giɓin ɗaya da rabi, a rubuta BRT da salon rubutun da ake kira STANDARD, wanda kowane zane yake da shi. S=2 tsayin harafi ne. Y=-1 kuma yana sauke rubutun da rabin tsayinsa don ya zauna daidai tsakiyar layi, kada ya hau kansa. Lambar ƙarshe ita ce ta fi ba sababbin hannu wahala. Manhajar ba ta lissafa faɗin rubutun a cikin tsawon layi, wuri kawai take nunawa ta ce daga nan za a fara rubutu. In ba ka bar giɓin da zai ɗauke haruffan uku ba, ja na gaba zai ratsa ta cikinsu ya soke su. Shi ya sa ya bar shida da rabi. Ya kuma danna maɓallin sauka sahu a ƙarshen rubutun kafin ya adana, ya ce in an manta da wannan manhajar takan ƙi karɓar layin ƙarshe, mutum ya yi ta neman kuskure inda babu.

Da ya ɗora layin a kan burtalin, ba abin da ya canza a ido. Layi ne miƙaƙƙe ɗoɗar, babu giɓi babu rubutu. Bai ko damu ba, ya ce sikeli ne. Shi da milimita ta takarda ya yi lissafinsa, zanen kuwa da mita ta ƙasa aka yi shi, kuma za a buga shi a kan sikelin 1:2,000, inda milimita ɗaya a takarda take tsaya wa mita biyu a gona. Ja mai milimita 6 a takarda ke nan sai ya zama mita 12 a ƙasa. Akwai umarnin LTSCALE da ke ninka dukkan layukan zane lokaci guda, zanen kuma ya gaji wata ƙanƙanuwar lamba daga tsohon aiki, ta matse tsarin har ido ba ya rabe shi. Ya mayar da ita 2. Irin wannan ruɗani yana da wani tushe da ya kamata duk mai koyo ya sani: manhajar tana zuwa da fayil biyu na layuka, acad.lin na masu awo da inci da acadiso.lin na masu milimita, kuma tsakaninsu ninki 25.4 ne. Layin nan da na kawo a sama mai .5 da .25, a fayil na biyu 12.7 da 6.35 ne. Wanda ya karɓi zane daga wani ofis ya haɗa da nasa ba tare da ya duba wanne aka ɗauko ba, zai ga wasu layukan sun yi manya-manyan giɓi, wasu kuma sun manne.

Bayan gyaran sikeli rubutun ya fito, amma a wasu wurare kawai. Dalilin yana cikin yanayin burtali kansa. Ba injiniya ne ya shata shi ba, shanu ne da shekaru, saboda haka karkace yake, kuma an ɗauki lambobi kusa da kusa don a bi karkacewar. Manhajar kuwa a kowace gaɓa takan soma tsarin daga farko, in gaɓar ta gaza ɗaukar tsari guda cikakke sai ta ja ta ɗoɗar ba giɓi. Maganin shi ne a haɗe gaɓoɓin su zama layi guda, a kunna abin da suke kira PLINEGEN ko makamancinsa a jadawalin siffofin layin, sai tsarin ya bi layin daga farko har ƙarshe bai kula da gaɓa ba. Yana yin haka BRT ya jeru gefe biyu. U=0 ɗin da ke cikin rubutun shi ya hana haruffan kifewa. A da R ake sakawa, rubutu ya bi duk inda layi ya fuskanta, in an ja layin daga dama zuwa hagu sai ka juya takarda kafin ka karanta. Daga AutoCAD 2011 aka ƙaro U, mai tsayar da rubutu yadda ido zai karanta ko ta ina aka ja.

Sai aka zo kan gamba da aguwa, a nan ne na ga wayon yaron. Akwai hanyar zana 'yar siffa, a ce ɗan tushen ciyawa, a mayar da ita fayil mai ƙarewa da .shx ta umarnin MKSHAPE, sannan a saka ta cikin layi. Yana da kyau a ido, amma yana da sharaɗi. Bayanin layi yakan shige cikin zanen ya tafi tare da shi duk inda aka tura, fayil ɗin siffar kuwa ba ya bi sai an haɗa shi da gangan. A ƙasar da zane ke yawo daga filashi zuwa WhatsApp zuwa shagon buga takardu, wa zai tuna da ɗan fayil na biyu? Can sai a buɗe a ga siffar ta ɓace. Sai ya ɗauki ƙaramin harafin v ya jera shi cikin layi, ya zama gamba, ya ɗauki x ya zama aguwa. Don wannan dalilin ne ma ya kauce wa haruffanmu masu lanƙwasa: da ya so sa wa kwarin nan ƘRM, wato ƙorama, ya tuna tsofaffin salon rubutun manhajar ba su da ƙ, alamar tambaya suke sakawa a gurbinta. Ya rubuta RAFI ya huta.

Da safe muka leƙa rijiyar Kusugu, tunda ba a zuwa Daura a koma ba a gan ta ba, muka ɗebi ruwa muka sha, mai kula da wurin ya ba mu labarin Bayajida da macijiya yadda yake ba kowa. Daga nan sai shagon buga takardu, sai gona.

Wakilin mai gonar yana jiranmu a gindin wata kuka. Ya karɓi taswirar ya duba, ya yaba, sannan yatsansa ya tsaya a gefen yamma. Ya ce wannan BRT ɗin fa? Aka gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ai Alhaji gona ya saya, ba tarihin shanu ba, ko za a cire don takardar ta yi tsabta? Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke ƙasa shi nake sa wa hannu. Burtalin nan ba a cikin gonar Alhaji yake ba, maƙwabcinta ne, kuma gara ya san da shi yau da ya sani ranar da ya ja waya." Wakilin bai ji daɗi ba, amma ya naɗe takardar ya sa a mota. Arɗo ma ya zo. Ba ya karatun boko, sai dai da aka nuna masa layuka biyun nan ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ya gane kwanar da ke kusa da aduwa, ya ce a ba shi kwafi.

Ba na cikin masu cewa zane zai kashe rikicin manoma da makiyaya. Rikicin ya fi ƙarfin takarda: yawan jama'a, ƙarancin ƙasa, ƙafewar mashaya, son zuciya ta kowane ɓangare. Dokoki ma ba yau aka fara yinsu ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe a 1998, duk da haka burtalai suna ta ƙanƙancewa. Amma akwai hanya ɗaya ta ɓacewar burtali da mai zane ke da hannu a ciki. Gona takan sauya hannu, sabon mai ita a birni yake, bai san ƙasar ba sai ta takarda. In takardar ta nuna iyaka kawai, bayanta fari fat, to a wurinsa da wurin banki da wurin alƙali nan fili ne da ba na kowa ba. Sau da yawa kuma ba mugunta ce ta hana a zana ba. Mai zanen ya duba jerin layukansa bai ga na burtali ba, ga aiki ya yi yawa, sai ya sa masa layin turba ko ya tsallake shi gaba ɗaya.

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda iyakarsu ba ta da nisa da inda muke tsaye, sun riga mu a wannan fanni. Tun 1993 suka kafa ginshiƙin dokar karkara, a 2010 suka ƙara ta musamman kan kiwo, kuma suna da kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye. A yankin Maraɗi ana iya ganin turakun siminti jere a gefen hanyoyin dabbobi. Ba a ce rigima ta ƙare a can ba, amma hanyar shanu abu ce da hukuma ta sani da suna da iyaka. Yanzu da titin dogo zai ratsa wannan shiyya, zai gitta burtalai da yawa, kuma injiniya ba zai bar wa shanu mashiga a ƙarƙashin titi ba sai inda taswirarsa ta nuna masa suna bi.

A hanyar komawa na tambayi saurayin ko sauran ofisoshi suna da irin layin nan. Ya ce kowa da nasa, wanda ma ya damu ya yi. Wani CR yake rubutawa, wani ɗigo uku yake jerawa, wani kala kawai yake canzawa, alhali in an buga da baƙin tawada kala ta tafi. Wannan ita ce illar ƙofar da aka bari a buɗe. Shi kansa BRT ɗinsa ba zai yi amfani ba sai da jadawalin alamomi da ya saka a kusurwar taswira, inda ya fassara kowane layi da Hausa da Turanci. Ranar da taswirori goma daga ofisoshi goma suka taru a gaban alƙali ɗaya ko jami'in biyan diyya, kowace da yarenta, wahalar ta dawo sabuwa.

Saboda haka kirana ga ƙungiyoyin masu safiyo na jihohinmu da malaman sassan safiyo da zane a kwalejojin fasaha shi ne su zauna su tsara fayil guda na layukan ƙasar nan: burtali, gamba, aguwa, darni, ganuwa, kwari, iyakar fadama, iyakar maƙabarta. A yi shi da haruffa zalla don kada ya dogara da wani fayil na daban, a yi lissafinsa da milimita, a raba wa ɗalibai tun suna aji, a nemi ofisoshin ƙasa su riƙa neman ganinsa a duk taswirar da aka kawo musu. Sahu biyu na rubutu kowace alama take bukata, fayil ɗin gaba ɗaya kuma bai kai nauyin hoto guda a waya ba.